Karatun hutu na tarihin ƙasa da na kai yarana a Tawa: mushen ya iya, amma kar ku sayi ɗan littafin

Tun da anka koma lekol mata ke tare ni, a wajen niƙa, a gidan suna, har da masu kirana a waya da dare, wai yaya karatun nan da kika kai yaranki da hutu, ya yi ko kuɗi ne kawai anka ci? To na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ta karanta ta yanke ma kanta. Ba zan faɗi sunan mushen, wato malamin, ba, ba zan faɗi unguwa ba, don akwai wuraren da zan ɗan taɓa shi kuma dattijo ne sa'an babana, waɗanda sunka san shi sun san shi.

Ga yadda abin yake. Tsohon malamin lekol ne da ya yi ritaya, ya koyar a ƙauyukan Keita da Buza shekara da shekaru, yanzu ya kafa rumfa a ƙofar gidanshi yana ɗaukar yara da babban hutu, ba lissafi ba, ba Faransanci ba, tarihin Nijar kawai da sanin haƙƙin ɗan ƙasa da abin da ke faruwa yau. Sau uku a mako, daga ƙarfe 9 zuwa 11 da rabi. Jika 3 kowane yaro a wata, ni da na kai biyu ya bar mini a jika 5. Babban namiji ne shekara 12 zai shiga kwaleji bana, ƙaramar mace ce shekara 10. Gaskiya da farko ba don son tarihi na kai su ba, don su bar mini gida ne, babban in an yi hutu daga ƙwallo sai wayata, baban su kuma yana Abijan kamar rabin mazan Adar, ni kaɗai ke fama.

Ranar farko ce ta saye ni. Na ɗauka za su dawo da kaye cike da shekaru su yi ta hadda kamar yadda anka yi muna, sai ga su sun dawo ba su rubuta ko layi ɗaya ba, wai mushe ya ce gobe kowa ya zo da takardar haihuwarshi. Na ce ikon Allah, mi ya haɗa tarihi da takardar haihuwa kuma, na buɗe akwati na lalubo musu cikin leda na ce in kunka ɓatar da su kar ku dawo gidan nan. Ashe daga saman takardar ya fara musu. Ya ce kowa ya karanta abin da ke rubuce can sama, Jamhuriyar Nijar, ƙasanshi kalmomi uku na kirarin ƙasa, 'yan'uwantaka, aiki, ci gaba, sannan jiha, sannan gunduma, sannan ƙaramar hukuma. Daga nan ya nuna musu yadda ƙasa take hawa-hawa, jihohi 8, jiharmu ta Tawa gunduma 12, ya sa sunka lissafo su da baki, Abalak, Bagaruwa, Konni, Buza, Illela, Keita, Madawa, Malbaza, Tawa, Tasara, Cintabaradan, Tiliya. Ni kaina da ɗiyata ta zo tana jero mini su wajen tuƙin tuwo a tara na tsaya, Tasara da Tiliya da Bagaruwa sam ba su zo mini ba.

Kuma abin da ya ƙara burge ni, takardun yarana biyu ba iri ɗaya ba ne. Ta ƙaramar an yi ta kan lokaci a nan gari. Shi babban a ƙauye na haife shi wajen iyayena, babanshi ba ya nan, ba wanda ya je ya rubuta shi sai da zai shiga lekol munka yi ta safa da marwa da shaidu har alƙali ya ba da takardar da ke maye gurbinta. Mushe ya ɗaga su biyun ya nuna ma yara bambancin, ya ce yaron da ba a rubuta ba a idon hukuma kamar bai zo duniya ba, ba jarrabawa, ba katin ɗan ƙasa in ya girma, ba fasfo, ba jefa ƙuri'a. Yaro ya dawo yana tuhumata wai Mama don mi ba ku rubuta ni da wuri ba. Na ce je ka tambayi ubanka.

Sai batun ranakun nan biyu da ke rikita kowa, 18 ga Disamba da 3 ga Agusta. Wallahi ni har na gama lekol ban rarrabe su ba, na dai san duka biyun ba a zuwa aji. Shi dabarar da ya yi musu ita ce, 18 ga Disamba 1958 ranar suna ce, ranar da anka raɗa ma ƙasa suna Jamhuriya amma tana bayan Faransa a goye, 3 ga Agusta 1960 kuma ranar yaye ce, anka sauke ta anka ce tahi da ƙafarki. Ya ce su ƙidaya tsakani, wata 19 da 'yan kwanaki, daidai yadda ake yaye yaro a gidajenmu. Na yi dariya da sunka gaya mini amma ku duba, har yau ƙaramar ko cikin barci ka tashe ta ba ta kuskure su. Wani yaro wai ya ɗaga hannu ya ce to mushe an yaye ta da gaske kuwa, tunda kuɗin da muke kashewa har yanzu sefa ne? Sunka ce mushe ya yi dariya har da hawaye ya ce kai sai ka yi ɗan majalisa.

Da Hausa yake karantarwa, wannan ma babban abu ne. In kalma ta zo da dole sai an san ta da Faransanci don jarrabawa sai ya rubuta ta a allo, amma bayani duka da harshen da yaro ke mafarki da shi ne. Kuma ba ya tsayawa gaba yana zuba shi kaɗai. Da sunka zo kan ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, wadda Dogol ya kawo ma ƙasashen da Faransa ke mulka, ko ku ce I ku zauna tare da mu ko ku ce A'a ku tahi nan take, raba su ya yi gida biyu. Gefe ɗaya 'yan jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari masu alamar raƙumi su ne 'yan A'a, ɗaya gefen 'yan jam'iyyar RDA ta Jori Hamani da Bubu Hama masu alamar giwa su ne 'yan I. Kowane gefe ya fito da mai magana, anka yi ƙuri'a da tsakuwa cikin ƙwarya biyu. Ɗiyata gefen raƙumi ta faɗa, kuma ita anka sa ta yi magana, ta kwana tana haddace abin da za ta ce, ta je anka kada su. Ta dawo fuska murtuk ko fura ta ƙi sha wai an yi musu maguɗi, wani yaro ya jefa tsakuwa biyu. Mushe ya ce musu a gaske ma I ce ta ci a Nijar, Gine ta Seku Ture kaɗai ta ce A'a, kuma 'yan Sawaba ma sun yi kukan maguɗi a wancan lokacin, shekara ta zagayo a 1959 anka haramta jam'iyyar tasu, ƙasa ta zauna da jam'iyya ɗaya har soja sunka karɓa a 1974. Yarinya 'yar shekara 10 ta ɗanɗana zafin faɗuwa zaɓe a jikinta, wane littafi zai ba ta wannan?

Amma inda abin ya shigo mini har cikin ɗaki shi ne aikin gida na mako na uku. Ya ce kowa ya nemi wanda ya fi kowa tsufa a gidansu ya yi mishi tambaya uku, wace yunwa ka gani da idonka, wane shugaba ka fi tunawa, mi kakanka ya ba ka labari na zuwan Nasara. To mu uwar mijina ke gare mu, 'yar wajen Konni ce, ta haura saba'in, mace ce da ba ta da yawan magana, tun da anka kawo ni gidan nan hirarmu ba ta wuce ta cefane da ciwon gwiwa. Bayan isha yaran sunka je sunka durƙusa gabanta da kaye da bik, babban ya ce Kaka an aiko mu. Ta ce wa ya aiko ku, ni mi na sani, ban yi boko ba ku je wajen uwarku. Sunka nace. Jama'a sai ga tsohuwa ta buɗe baki, har ƙarfe sha ɗaya na dare muna tsakar gida ni ma na aje wanke-wanke na zo na zauna. Ta ba su labarin fari na 1973 da shanu sunka ƙare, da yunwar 1984 da ake ce ma El-Buhari don a lokacin Najeriya ta rufe iyaka, yadda sunka yi layi ana rabon jar dawa ta taimako, yadda ake tonon gidan tururuwa neman tsaba. Shugaba kuwa ta ce Kunce, ta ce mutumin nan ba a sanin ranar zuwanshi sai dai ma'aikata su gan shi tsaye a kansu, ta yi musu zancen samariya da aikin gayya, ta kuma ce amma fa a zamaninshi ko a ɗakinka kake sai ka rage murya. Kun ji, yabo da suka a baki ɗaya, ba wanda ya koya mata.

Da anka zo tambaya ta uku sai ta yi shiru tukuna. Ta ce kakarta tana ƙarama Nasara sunka shigo Birnin Konni da bindigogi, sunka ƙone gari, mutane sunka mutu har an rasa masu binnewa, su a cikin karan dawa sunka ɓuya, kuma har ta tsufa ba ta son jin ƙarar ƙaho. Washegari yaran sunka kai ma mushe, ya ce wannan da kakarku ta faɗa shi ne abin da ke cikin littattafai, 1899 ne, rundunar Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu da sunka taso daga yamma za su tafkin Cadi suna ƙone garuruwa a hanya, su ne sunka gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu can ƙasar Arewa kafin su iso Konni, kuma ba su kai Cadin ba, a watan Yuli na shekarar nan sojojinsu da kansu sunka harbe su wajen Maijirgi kusa da Tasawa. Yaran sunka dawo da gudu, Kaka Kaka mushe ya ce labarinki yana cikin littafi. Tsohuwa ta kalle ni ta ce ke 'yar nan, ashe wannan shi ne tarihin? Ta ce ita ta ɗauka wani abu ne na Nasara da sai mai ilimi. Tun daga ranar in sun dawo ita ke fara tambayarsu yau mi anka yi. Ko wannan kaɗai ya biya ni jikata 5.

Sauran abubuwan masu kyau zan bi su da sauri. Jihohi ta hanyar kokowa ya koya musu, tunda yaran maza ba wanda bai san 'yan kokowar kowace jiha ba, ya ce a nan Tawa anka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975 Kantu na Maraɗi ya ɗauka, Isaka Isaka na Doso ya ɗauka har sau 6, daga nan sai ya ja su zuwa taswira, ina Doso ina Difa ina Agadas, Damagaram ce babban birni kafin a mayar Yamai a 1926, maƙwabtanmu 7. Ya kai su kasuwa wata rana sunka ga mai yankan tikiti, ya sa sunka tambayi 'yan tebur nawa suke biya kuma ina kuɗin ke zuwa, wani mai tumatir wai ya ce musu in kun gano ku zo ku gaya mini. Illar wannan fitar ita ce yanzu ba ni da sakat a gidana, in na jefa leda a kwata sai in ji murya daga bayana, Mama dukiyar jama'a ce fa.

To yanzu bari in zo inda ba daɗi, don ba tallar shi nake yi ba.

Ɗan littafin nan. Ana shiga za a ce miki akwai ɗan littafi jika ɗaya da rabi, wani ɗan ɗan'uwanshi mai injin hoto ke bugawa. Ni da zumuɗi na sayi biyu. Kar ku saya, na rantse asarar kuɗi ce. Hoton hoton hoto ne, baƙi ya cinye rabin rubutun, taswirar da ke tsakiya ƙarfen ɗinki ya bi ta kan Difa, tafkin Cadi ma babu shi sam an yanke. Gaba ɗaya da Faransanci yake alhali karatun da Hausa ake yi. Kuma babban abin, ya tsufa, labarinshi a 2011 ya tsaya da hawan Mahamadu Isufu. A ciki har yanzu muna cikin Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, alhali Nijar da Mali da Burkina sun ba da sanarwar fita tun Janairu 2024 fitar ta tabbata a Janairu 2025, ga AES, ƙungiyar da su ukun sunka kafa a Satumba 2023, ba ko ɗuriyarta. Taken ƙasa tsohon ne a ciki, na 1961 wanda Bafaranshe ya rubuta kalmominshi, alhali an sake take tun Yuni 2023. Ya ce kansiloli ke zaɓen magajin gari, alhali tun Afrilu 2024 anka rushe majalisun ƙananan hukumomi anka naɗa kantomomi. Ya ce Faransanci ne harshen hukuma, alhali kundin da anka sa ma hannu a Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa ya bar Faransanci da Ingilishi na aiki. Shi mushen ya san duk wannan, da baki daidai yake faɗa musu, yana bin littafin da jan bik yana kashewa yana gyarawa, to in haka ne don mi za a sayar mini da abin da sai an kashe rabinshi? Na yaran yanzu ja ya fi baƙi yawa. Kaye mai shafi ɗari na dala arba'in ko hamsin ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Na biyu wurin. Hutu da damina yake zuwa kowa ya sani, rumfar kuwa ta kara ce da tsohuwar leda a sama, in hadari ya taso sai a watse, na ƙidaya sau huɗu sunka dawo ba a yi komai ba kuma ba a rama ba. Benci biyu ne sauran tabarma, ba randar ruwa, kewaye kuma sai an shiga cikin gidan mutane, ɗiyata kunya ke hana ta sai ta riƙe har gida. Da anka fara su wajen ashirin ne, da labari ya bazu kafin ƙarshen Agusta sun wuce arba'in, bai iya cewa a'a, kowa ya kawo sai ya karɓa, na baya ba su ji sai tsokanar juna. Da yawa ta yi yawa sai ya ɗauko wani saurayi yana taya shi, shi kuwa wannan hadda ce irin ta da, ga shi da bulalar dogon yaro a hannu ko da dai ban ji ya taɓa kowa ba, kuma shi ne ya rubuta musu a allo wai an samu 'yancin kai 18 ga Disamba 1960, ya haɗe suna da yaye wuri ɗaya. 'Yar tawa ce ta ɗaga hannu ta gyara mishi, bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Na uku shi ne wanda har yanzu nake juyawa a raina. Ranar Alhamis labarun mako suke yi, kuma tsarin yana da kyau ƙwarai, kowane yaro ya kawo labari ɗaya da ya ji, amma sai ya faɗi wa ya faɗa, a ina ya ji, kuma akwai wani wuri na biyu da ya faɗi haka? In babu, sai mushe ya rubuta shi a gefen allo ƙarƙashin ji-ta-ji-ta. Ɗana ya taɓa kai wani da ya saurara a WhatsApp ɗina, irin muryoyin nan da ake turawa a rukunin mata a ce a yaɗa don Allah, anka tambaye shi wa ya faɗa ya ce wata mata ce, wace mata, ya ce a wayar Mamana take. Kunya kamar in nutse. Yanzu kafin in tura abu sai in ji kamar yana tsaye a kaina.

Amma in magana ta zo kan mulki na kusa-kusa sai dattijon ya naɗe tabarmarshi. Shekaru yana ba su tsaf, Saini Kunce 15 ga Afrilu 1974, Ba'are Mainasara Janairu 1996, kashe shi a filin jirgin Yamai 9 ga Afrilu 1999 Wanke ya hau, Salu Jibo ya kifar da Tanja 18 ga Fabrairu 2010 bayan rikicin tazarce, 26 ga Yuli 2023 Janar Tiani ya kifar da Bazum. Ɗiyata ta ƙidaya da yatsu ta ce mushe sau biyar ke nan, don mi soja ke ta karɓa? Ya ce wannan ki tambayi babanki. Wani ya ce don mi anka rufe iyakar Konni a 2023 har kaya sunka yi tsada wuta ta riƙa ɗaukewa, ya ce takunkumin Sedeyawo ne an ɗage shi a Fabrairu 2024, ya wuce, bai ce uffan ba kan wa ke da gaskiya. Alhali shi ɗin nan ne da ya zo kan 9 ga Fabrairu 1990, ranar da anka harbi ɗalibai a gadar Kenedi a Yamai uku sunka mutu, sunka ce muryarshi rawa ta riƙa yi, ya ba su labarin babban taron ƙasa da anka buɗe 29 ga Yuli 1991 Andre Salifu na shugabanta, yadda mutane ke manne da rediyo ana tuhumar manya a bainar jama'a, har anka kai ga zaɓen 1993 Mahaman Usman ya ci. Wancan ya buɗe musu shi har ƙasa, na yau kuwa sai ƙididdiga.

Na same shi rannan bayan an tashi, na gaishe shi na ce Baba ina da magana in ba za ka ji haushi ba. Ya ce faɗi ɗiyata. Na ce yaran nan kai ka koya musu tambaya, in sun tambaya kuma sai ka turo su gida, uban nasu yana Abijan ni kuma ban sani ba. Ya yi murmushi ya ce ɗiyata, cikin rumfar nan akwai ɗan soja, akwai ɗan wanda jam'iyyarshi ta rasa mulki, akwai wanda anka kashe mishi wa a daji, in na buɗe baki na ce wane ke da gaskiya gobe rabinsu ba za su dawo ba, kuma ni ma ina da iyali. Ban iya ce mishi komai ba. Na fahimce shi, wallahi na fahimce shi, kowa ya san lokacin da muke ciki. Amma a ganina ko bai ce wane ke da gaskiya ba zai iya jera musu abin da kowane gefe ke faɗi kamar yadda ya yi da raƙumi da giwa, ya bar su da ƙwaryarsu da tsakuwarsu. Yaro ɗan shekara 12 in ba a ba shi amsa a rumfa ba zai samo ta a TikTok, kuma can ba mai tambayarshi wa ya faɗa.

Tunda na samu fuska sai na ƙara da ɗaya, na ce Baba kuma ka fi kiran maza in an ɗaga hannu, yarinyata ta ƙidaya. Wannan kam bai musa ba, ya ce sabo ne na shekara talatin, kuma ya gyara, mako na gaba ma darasin 13 ga Mayu ya yi musu, ranar matan Nijar, yadda mata sunka fito zanga-zanga a Yamai a 1991 don an kusa mance da su cikin kwamitin shirya babban taro, ya sa 'yan mata sunka zauna kan benci maza a tabarma ranar. Babban ya dawo yana ƙunƙuni.

Masu tambaya ko a kai ƙanana, ni dai na ce a'a, ƙasa da shekara 9 ɓata kuɗi ne, barci suke yi. Ku ba yaro gorar ruwa da 'yar tabarmarshi, ku biya wata-wata kar ku biya na hutu duka a dunƙule don ranakun ruwa, ku je da wuri tun farkon Yuli ku ce a sa naku gaba. In da maki ake ba da wa, mushen 9 cikin 10, rumfar 4, littafin ba ni ba shi ko ɗaya. Baɗi in Allah ya kai mu zan mayar da ƙaramar, shi babban ya ce ya gama sanin tarihi wai, za mu gani.

Ranar 3 ga Agusta da ake dashen itace ya raba musu 'yan dogon yaro cikin leda kowa ɗaya, daga aljihunshi ya saya ba a ce mu kawo ko dala ba, ya ce kowa ya dasa a ƙofar gidansu ya kula da shi. Na babban kwana huɗu ya yi akuyar maƙwabta ta cinye shi har ƙasa. Na ƙaramar yana nan ya kai mini gwiwa, ita da Kaka sunka kewaye shi da ƙaya da tsohon kwando, kullum da asuba tsohuwa ke juye mishi sauran ruwan alwala, kuma ta hana kowa ya kira shi dogon yaro, wai sunanshi Sawaba.